Motar da ta riƙa komawa N: yadda aka mayar da wata Corolla Verso mai giyar hannu a Tawa

Motar da masu ita, Fabrairu 2023

A watan Fabrairun 2023 wani ɗan kasuwar albasa da ke zaune a Tawa ya karɓi mota daga ƙanensa mai cirani a Beljiyam. Toyota Corolla Verso ce ƙirar 2006, mai kujeru bakwai, da injin esans 1.8 da ake kira 1ZZ-FE, cikin waɗanda kamfanin ya ƙera a Adapazari ta Turkiyya domin kasuwar Turai. Ta sauka Kwatano, ta biyo ta Gaya, kamar yadda akasarin motocin Nijar ke shigowa a lokacin. Tablo, wato allon da ke gaban direba, na nuna kilomita 187,000.

Mutum biyu ke tuƙa ta. Alhaji yana zuwa da ita Galmi da Birnin Ƙwanni wajen dillalai, wani lokaci ya sauka daga gudro ya bi rairayi har bakin garaken albasa. Uwargidansa ungozoma ce, ita ke ɗaukar motar in aikin dare ya kama ta. Ta yi permi da daɗewa, amma tun ranar da ta karɓe shi ba ta sake taka kuloci ba. Saboda ita ƙanen ya zaɓi wannan mota: feda biyu ne kawai, birki da totur. Daga mai gida har mai wankin mota, kowa otomatik yake ce mata.

Abu ɗaya ya ɗan ba su mamaki ranar farko. A jikin sandar giya akwai R ta baya, N ta babu giya, E inda mota ke canza giya da kanta, da M inda direba ke canzawa, amma babu P ta ajiye mota. Aka ce ai haka na Turai suke, aka wuce wurin.

Alamun farko, Afrilu zuwa Yuni 2023

Wata biyu motar ba ta ce uffan ba. Da zafin Afrilu ya kankama, lokacin da ma'auni ke haura 40 kusan kullum a Adar, sai ta fara fizga in za ta tashi daga tsaye. Daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu takan yi jinkiri, kamar mai tunanin ko ya tafi ko ya fasa, sannan ta yi gaba da ƙarfi har kan mutum ya bugi kujera.

A watan Mayu ta kafe cikin rairayi kusa da wata garka. Alhaji ya yi abin da kowa ke yi, gaba kaɗan, baya kaɗan, yana danna totur. Wata ƙara ta tashi a tablo tare da fitila, ga ƙauri kamar ana ƙona tsumma. Yara suka tura ta fita. Ba a yi kwana goma ba ta fito da halin da ya zama nata: ana cikin tafiya sai giya ta fice, harafin N ya riƙa ƙyaftawa, inji na kuka amma taya ba ta ja. In aka kashe ta aka jira minti biyar ko goma, takan dawo kamar ba ita ba. A Yuni ta yi haka sau huɗu, ɗaya da Hajiya a ciki, ƙarfe biyun dare, tana dawowa daga karɓar haihuwa.

Gyara biyu a Tawa, Yuli zuwa Satumba 2023

Makaniken gidan dattijo ne, ya haura shekara talatin yana kwance Peugeot 504 da Land Cruiser da Hilux. Da ya ji bayani ya ce man bwat, wato akwatin giya, ne ya gaji. Aka sayo jan mai irin na otomatik. Yaro ya shiga ƙarƙashi ya kwance, sai ga abin da ya zubo ba ja ba ne, mai kauri ne mai warin man giyar hannu, kuma bai kai lita biyu ba. Dattijo ya dangwala da yatsa, ya shinshina, ya leƙa da tocila, ya ce: "Alhaji, wagga ba otomatik ba ta. Bwat ɗin hannu na, anka ɗaura mata injuna."

Gaskiya ya faɗa. Tsarin da ke jikin motar Toyota na kiransa MMT. A otomatik ta ainihi mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya, babu faifan da ke gogawa in an tsaya. MMT kuwa bwat ce ta hannu mai giya biyar, da kulocinta busasshe, wanda makanikan nan ke kira ambirayaj. Abin da aka cire ƙafar direba ce da hannunsa. A madadinsu an saka ƙananan injunan lantarki uku: ɗaya na taka kuloci, ɗaya na zaɓen layin giya, ɗaya na tura ta ciki. Wata kwamfuta ta daban ke ba su umarni, tana magana da kwamfutar inji domin a sassauta wuta duk lokacin da za a canza giya. Shi ya sa babu P. Shi ya sa kuma gaba-baya cikin rairayi, ko riƙe mota a kan tudu da totur maimakon birki, ke dafa kuloci, domin faifan na nan yana gogawa, direba bai sani ba tunda ba ƙafarsa ke kai ba.

Aka mayar da jan man, aka zuba 75W-90. Wannan zuwan ya ci jika 25, wato sefa dubu 25. Kwana shida, N ta dawo.

A Agusta dattijo ya sauke bwat. Disk, wato faifan kuloci, ya cinye har ƙusoshi, filaton da ke danna shi ya yi shuɗi saboda zafi. Aka saka sabon disk da filato da bute na Corolla mai giyar hannu, jika 110 har kuɗin aiki. Motar ta fito daga gareji ta fi da lalacewa, tana sulɓi a giya ta uku, tana mutuwa in an tsaya. Abubuwa biyu suka ɓace a wannan aiki, kuma babu mai ganinsu da ido. Filaton MMT irin mai daidaita kansa ne yayin da disk ke cinyewa, ba ɗaya yake da na hannu ba ko da ramukan ƙusa sun dace. Na biyu, kafin a kwance injin kuloci akwai matsayin da ake sa shi ya tsaya, bayan an ɗaura kuma dole a share abin da kwamfuta ta haddace, a sa ta koyi sabon wurin da faifan ke kamawa. Ba a yi ko ɗaya ba. Kwamfuta na taka sabon kuloci da awon tsohon.

Yamai, Nuwamba 2023

Motar ta yi wata biyu a ƙarƙashin bedi tana shan ƙura. A Nuwamba Alhaji ya lallaɓa ta zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 550 ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, yana riƙe da ita a M don kada ta yi ta canza giya da kanta. Wani gareji mai na'urar bincike, wadda suke kira balis, ya karanta lamba P0810, wato kwamfuta na neman kuloci ya tsaya a wani wuri, shi kuma bai kai ba.

Suka buɗe injin kulocin a gabansa. Girman abin bai wuce kwanon sha ba. Gawayin da ke ba shi wuta ya cinye saura kamar ƙwayar wake, giris ɗin ciki ya bushe ya zama kamar tukuɗi, ga jar ƙura ta shiga ko'ina. Sabo ya kamata a saka, to amma lokacin bai ba da hali ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakokin Benin da Najeriya na rufe, kaya sun koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, ba kullum ba kuma. Aka samo na kas, wato tsohon da aka cire daga wata motar, aka saka filaton da ya dace, aka koyar da kwamfuta da balis. Da kuɗin esans da kwana huɗu a Yamai, tafiyar ta tashi jika 240.

Wannan gyaran ya yi aiki. Disamba, Janairu, Fabrairu, motar na tafiya sumul, Hajiya ta koma ɗaukarta.

Badagishiri, Maris 2024

Cikin azumi, kakar albasa ta fara, yana dawowa daga Galmi da la'asar sakaliya. Kasuwar Badagishiri na ci, manyan motoci da amalanke da dabbobi sun cushe hanya, tafiya taku-taku. Wajen minti ashirin yana tashi yana tsayawa, sai N ta fara ƙyaftawa. Ya kashe, ya jira. Wannan karon ko inji bai tashi ba, domin bwat ta maƙale cikin giya, kwamfuta kuma ba ta yarda a tada mota sai ta tabbata tana N. Matasa suka taru za su tura. Mota mai wannan tsari ba a tada ta da turi, babu fedar da za a saki. A bakin hanya ya sha ruwa da dabino uku da wani mai shayi ya ba shi. Washegari aka ɗora ta a kan babbar mota zuwa Tawa, kusan kilomita 50, jika 60.

Garejin Yamai, ta waya, suka ce mai yiwuwa wannan karon injin zaɓen giya ne, a kawo ta su gani. Nan Alhaji ya ja birki. Injuna uku ne, an canza ɗaya da tsoho, saura biyu masu shekara 18, kuma kowace tangarɗa na nufin Yamai. Dattijo ya ce tunda bwat ɗin ta hannu ce, a cire tarkacen a mayar wa mutum ƙafarsa. Hajiya ba ta so ba. Abin da ta ce shi ne: "Alhaji, in kun mai da ta ta hannu, kun mai da ita taku ke nan." Ya yi mata alkawarin za ta sake koyo.

Juyi na farko, Afrilu zuwa Mayu 2024

A ƙarshen Maris iyakar Najeriya ta buɗe, sai aka yi sautu ta Sakkwato zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano: fedar kuloci, famfon sama da na ƙasa, bututun mai, sandar giya da igiyoyinta biyu. Dillalin ya tattaro su ɗaya-ɗaya daga shaguna daban. Shawarar ita ce a bar bwat ɗin motar, a cire injunan, a haɗa igiyoyi da sandar da ke shiga cikinta.

Da kaya suka iso aka ga feda da bututun na motar Ingila ne, mai sitiyari a dama. Duk lanƙwasarsu ta juya baya. Igiyoyin kuma na Verso mai gazuwal ne, tsawonsu da bakinsu daban. Maimakon a mayar, sai aka kira mai walda. Aka yanke, aka ƙara, aka lanƙwasa da wuta. A kan sandar bwat, inda injunan ke kamawa, aka like wani hannun ƙarfe da aka ƙera a wurin.

Giya ta shiga, ko da yake sai an yi kokawa da ta biyu da ta baya. Amma da aka danna maɓallin tashi, shiru. Verso ta wannan zamani makullinta ana zura shi a wani rami ne a danna maɓalli, kuma a mai MMT izinin tada inji na biyowa ta kwamfutar bwat, wadda yanzu ke kwance cikin kwali. Wani mai gyaran wuta ya ja waya daga batir zuwa dimarer mai tada inji, ya saka maɓallin ƙararrawa a ƙarƙashin sitiyari. Ta tashi.

Ta tashi, amma kwamfutar inji na ta kiran abokiyar aikinta ba amsa. Fitilun tablo suka kama wuta, inji ba ya karɓar totur yadda ya kamata, in an taka kuloci juyinsa ya rataye sama kafin ya sauko. Fitilar giyar baya ba ta kamawa. Mafi muni, maɓallin ƙararrawar bai san giya ba. Wata safiya yaron gida ya danna shi mota na cikin giya ta ɗaya, ta zabura ta daki randar ruwa da ke gindin katanga. Allah ya kiyaye babu yaro a wurin. Cikin mako na uku waldar fedar ta tsage, feda ta kwanta ƙasa a tsakiyar gari. Wannan juyi ya ci jika 190.

Juyi na biyu, Yuli zuwa Satumba 2024

Wanda ya sauya akalar aikin wani saurayi ne mai gyaran wutar mota, ɗan Tawa da ya yi koyo a Yamai ya dawo gida da balis tasa. Ya yini guda yana bin wayoyi bai kwance komai ba. Da yamma ya ce wa dattijo: "Baba, aikinku na ƙarfe ba shi ne matsala ba. Motar ce har yanzu ba a gaya mata an canza ta ba." Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a sake sayen ko ƙusa sai an sami mota guda, Verso 1.8 mai giyar hannu, mai sitiyari a hagu, ta shekarun 2004 zuwa 2009, a kwashe komai daga jikinta.

Neman ya ɗauki mako biyar. A Agusta aka sami wadda ta yi haɗari ta baya a wajen masu kas a Yamai, gabanta lafiya lau. Saurayin ya tafi da kansa, ya tsaya a kai ana kwancewa, yana ɗaukar hoton kowane soket da waya kafin a zare shi, yana liƙa masa takarda da lamba. Ya hana a yanke waya ko ɗaya, abin da ya jawo masa faɗa da yaran wurin, waɗanda suka saba da almakashi. Ya ɗauko bwat sukutum, fedoji da maƙalinsu, famfo biyu da bututu, sandar giya da igiyoyi da murfinta, damin wayoyin inji, kwamfutar inji, akwatin tsaron makulli da makullin kansa, da tablo. Waɗannan ukun, kwamfuta da akwatin tsaro da makulli, sun san juna tun daga masana'anta, in aka raba su inji ba ya tashi. Kayan suka tashi jika 470. Ambaliyar da ta yanke hanya a mashigar Yamai cikin watan ta sa suka yi kwanaki kafin su taso, kuɗin mota jika 30.

Aikin ya ci kwana tara. Uku na dattijo ne. Ya sauke tsohuwar bwat, ya ɗora sabon kuloci na hannu tunda ga wuri a buɗe, ya ɗaura bwat ɗin kas, ya zuba mata sabon mai. Maƙalin feda ya zauna a ramukansa ba walda. Fedar birki ma aka canza, domin ta MMT faffaɗa ce, tana cin wurin ƙafar hagu. Fitar da iska daga bututun kuloci ya ɗauki rabin yini, yaro na ciki yana taka feda, dattijo na ƙasa yana buɗe ƙusa yana cewa "taka, riƙe, saki," har kumfa ta daina fitowa.

Sauran kwana shida na saurayin ne, kuma mai wucewa zai ce ba ya komai. An tuɓe gaban motar har ƙarfe, yana zaune a kan bokiti da mita a hannu. Ya cire maɓallin ƙararrawa da wayarsa. Ya haɗa ɗan makunnin da ke bayan fedar kuloci da layin tada inji, ta yadda mota ba ta tashi sai an taka feda har ƙasa. Ya kai wayar fitilar baya ga makunnin da ke jikin sabuwar bwat. Inda damin wayoyin motar da na kas suka saɓa, ya zare fil ɗaya-ɗaya ya mayar da shi ramin da ya dace, bai murɗa waya da waya ya naɗe da roba ba. Kafin a cire tsohon tablo, Alhaji ya rubuta kilomitar da ke kai a bangon littafin motar, 211,400, saboda sabon da tasa lambar ya zo.

A rana ta tara aka zura makullin motar kas ɗin, aka taka kuloci, aka danna. Fitilu suka kama suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Balis ba ta nuna lamba ko ɗaya ba. Kuɗin aikin mutum biyun jika 120, jimillar wannan juyi jika 620.

Daga Satumba 2024 zuwa Maris 2025

A wata shida motar ta yi kilomita dubu 14 da ɗoriya, har da zuwa Yamai sau biyu da kakar albasa guda. Sau ɗaya famfon kuloci na ƙasa ya yi yoyo, dattijo ya canza robarsa cikin awa guda a kan jika 6. Sau ɗaya batir ya mutu a Galmi, mutum huɗu suka tura ta tashi. Shan esans bai canza yadda za a lura ba, kuma ba abin mamaki ba ne tunda da can ma bwat ɗin hannu ce.

Abin da lamarin ya nuna

In aka tara abin da aka kashe kafin juyi na biyu, jika 625 ne, wato ya ɗara kuɗin aikin da ya warware matsalar da jika biyar. A cikinsu, gyaran Yamai kaɗai zan iya karewa, domin shi ne aka yi bayan an tambayi motar abin da ke damunta. Kulocin Agusta ya zama dole, amma yadda aka saka shi ya mai da shi asara. Juyin farko kuwa bai gaza don dabarar ba ta da kyau ba. Ya gaza ne saboda kayan tsintuwa ne daga motoci daban-daban, kuma an ɗauka aikin ya ƙare a bakin ƙarfe. A mota irin wannan, rabin juyin na cikin wayoyi ne, kuma wannan rabin ne ke hana ta zabura kan yaro a tsakar gida.

Ba na cikin masu cewa MMT shara ce. A hannun mai tafiya kan gudro, wanda ke da gareji mai balis a unguwarsa da sabbin kaya a shago, tana iya daɗewa. Amma Toyota da kanta ta bar ta a Verso ɗin da ta fitar a 2009, ta koma wani tsarin. A Tawa kuma abubuwa uku suka haɗu mata: rairayi da cunkoso masu cin kuloci, zafi da ƙura masu kashe ƙananan injuna da batir, sannan nisan wanda ya iya ta. Da motar a Yamai take zaune, da sai in ce a saka sabbin injuna a bar ta yadda aka ƙera ta. Ga mai yawo tsakanin Galmi da Ƙwanni, juyin ya yi daidai, da sharaɗin a fara da samun motar da za a kwashe, a kuma sami mai wuta kafin mai sifana.

Akwai kuɗin da ba ya cikin wannan lissafi. Don Hajiya aka aiko motar, kuma ita ce juyin ya sauke daga kujera. Ta yi wata uku tana hawa kabu-kabu zuwa aikin dare. Tun Disamban 2024 ɗanta na fita da ita bayan gari ranar Lahadi da yamma, tana koyon sakin kuloci a wani fili da yara ke ƙwallo. Yanzu tana zuwa aiki da rana da kanta. Tashi a kan tudu ne har yau ke kashe mata inji, don haka in kiran dare ya zo Alhaji ne ke saka riga ya kai ta.